Gwajin furotin zai nuna ko kansar bakin Baba za ta dawo?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ne, shekararsa 63, ya kai wata huɗu da wani gyambo a gefen harshe ya ƙi warkewa, mu duk mun ɗauka haƙori ne ke gogarsa. An yanki ɗan naman an kai lab, sakamako ya fito wai kansa ce, sun ce aiki za a yi masa. To ƙanena ya gani a intanet akwai wasu furotin irin su p53, p16, Ki-67 da PD-L1 da ake gwadawa su nuna ko ciwon zai dawo, ko mutum zai tashi. Wani lab mai zaman kansa ya ce zai yi mana duka amma kuɗin da yawa kuma sai mun jira. Don Allah mu dakata da aikin mu fara yin gwajin? Kuma da gaske suna faɗin abin da zai faru?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan jinya.

Ni aikina shi ne duba naman da aka yanko daga jikin majinyaci a ƙarƙashin madubin likita, mu ne muke rubuta irin takardar nan da aka ba ku, majinyaci bai cika ganin fuskarmu ba, mu ma gilashinsa kawai muka sani. Tambayarki in na fahimta biyu ce a haɗe, ko furotin ɗin nan na iya faɗin makomar ciwon, da kuma ko ya dace a tsayar da tiyata har sai an gwada su. Ta biyun zan fara amsawa don kar ki gaji da karatu kafin ki iso wurin. Kar ku jira. In likitocinsa sun ce ya shirya shiga tiyata, a shiga. Naman da aka ciro ana daskarar da shi cikin kaki a ajiye shekara da shekaru, duk ranar da aka buƙaci wani gwaji a kansa sai a ɗauko a shafto a yi, shi kuwa gyambon da ke harshen Baba yana nan yana nutsawa kullum. Akwai wani bincike na Amurka da ya fito a 2016 kan majinyata sama da 50,000 masu kansar kai da wuya, an ga cewa in tsakanin gano ciwo da fara magani ya wuce kwana 46 zuwa 52, haɗarin mutuwa na fara hawa. Ku kuma wata huɗu sun riga sun tafi kafin ma a gano.

Tambaya ta farko kuma sai an zauna, don ƙaninki bai yi ƙarya ba, abin da ya karanto akwai shi, sai dai rabin labarin aka ba shi.

Yadda ake gwajin ma tukuna

Fiye da kashi 90 cikin 100 na kansar baki daga fatar nan mai laushi da ta lulluɓe cikin baki take tashi, ko a harshe, ko dasashi, ko cikin kumatu, ko ƙarƙashin harshe. Ƙididdigar duniya ta 2022 ta nuna sababbin kamuwa kusan 390,000 a shekara, mace-mace kusan 188,000, kuma Indiya kaɗai na ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin uku, saboda tabar da suke taunawa haɗe da wani ƙwallo da ake kira areka. Ba goronmu ba ne fa, kafin wani ya tsorata kakarsa. 'Yan'uwanmu na Sudan kuma suna da tumbak, garin taba da ake cakuɗawa da wani gishiri ɗan'uwan kanwa a ƙunsa a leɓe, wanda bai da nisa da tabar da tsofaffinmu ke ƙunsawa a baki. Na kawo wannan ne don ki san yawancin binciken furotin ɗin nan a Indiya da Sin da Taiwan da Turai da Amurka aka yi shi, a kan bakin mutanen can.

Kowace ƙwayar halitta a jiki tana ƙera furotin iri-iri, su ne ma'aikatanta. In ta kangare ta zama kansa, wasu furotin sai su yi yawa, wasu su ɓace. Mu abin da muke yi rini ne, ba wani abu ba. Za mu shafto naman nan siriri, kaurin mikron 3 zuwa 4, mikron ɗaya kuwa milimita ce aka raba gida 1,000, mu ɗora a gilashi, mu zuba wani sinadari da ba ya kama komai sai furotin ɗin da muke nema, sannan mu zuba abin da zai fito da launi. Duk inda furotin yake sai ya yi ruwan ƙasa kamar an ɗiga shayi. Daga nan sai mutum ya sunkuya a madubi ya ƙirga da idonsa. Ki riƙe wannan, da ido ake ƙirgawa, zan dawo kansa.

Alamomin nan kala biyu ne kuma nan ake yawan ruɗa mutane. Akwai wadda ke faɗin halin ciwo, wato masu irin wannan alamar sun fi saurin samun dawowar ciwo. Akwai kuma wadda ke zaɓa wa likita magani, wato in akwai ta maganin kaza zai fi yin aiki. Ta farko kamar a ce miki hanyar garinku ta lalace ne, kin ji, amma dole dai ita za ki bi. Ta biyu ita ce a ce miki ga motar da za ta iya wucewa. Don haka duk gwajin da aka ce ku biya, tambaya ɗaya za ki yi wa likita: in ya fito kaza me zai canza a maganin Baba, in ya fito akasin haka me zai canza? In amsar ita ce babu, to kun sayi fargaba ne da kuɗinku.

Su p53 ɗaya bayan ɗaya

p53 shi ne birkin ƙwayar halitta, tun 1979 aka gano shi. In wani abu ya ɓata rubutun gadon da ke cikin ƙwaya, misali gubar hayaƙin sigari, shi ke taka birki ya hana ta rabuwa har a gyara, in gyara ya gagara ya sa ta hallaka kanta. A wani babban aiki da aka fitar a 2015 kan kansar kai da wuya guda 279, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ba ƙwayar cutar HPV ce ta jawo su ba, birkin nan ya lalace. To kin ga matsala ta farko, abin da kusan kowa ke da shi ta yaya zai raba miki wane da wane? Ta biyun ta fi ba mu masu rini haushi. Lafiyayyen p53 ba ya daɗewa a cikin ƙwaya, mintoci kaɗan an rushe shi, shi ya sa a gilashi tsilla-tsilla ake ganinsa. Wanda ya lalace taruwa yake yi, gilashi ya rine sosai. Amma akwai wata irin lalacewar da ƙwaya ke daina ƙera shi gaba ɗaya, gilashi ya fito fari fat, kuma an daɗe ana rubuta wannan a layin masu lafiya alhali birkin ma an kwance an yar. Ki yi tunanin binciken da aka zuba mai lafiyayyen birki da wanda ba shi da birki a kwando ɗaya, me zai haifar? Shi ya sa tsofaffin takardu kan p53 ke ta saɓa wa juna. Da aka koma karanta rubutun gadon kansa, a wani bincike na 2007 kan mutum 420, an ga masu mummunar lalacewa sun fi gajeren kwana, gaskiya ne, amma har yau ba a ce a yi wa mai lalataccen p53 wata tiyata daban ba.

p16 kuma nan nake so ki buɗe kunne da kyau. Wannan alama tana da daraja sosai, amma a maƙogwaro, wato tansil da can gindin harshe. A wuraren nan in p16 ya rine aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin, ana ɗaukarsa shaidar cewa HPV ce ta jawo ciwon, kuma irin wannan kansar ta fi jin magani. Binciken 2010 da kowa ke kafa hujja da shi ya nuna bayan shekara 3 kusan kashi 82 na masu HPV suna raye, marasa ita kashi 57. Bambancin ya kai har daga 2018 aka ware musu tsarin auna matakin ciwo nasu daban. Sai dai a lissafin likitoci, kashi biyu cikin uku na gaban harshe baki ne, kashi ɗayan baya maƙogwaro ne, kuma na Baba kin ce a gefen harshe yake inda haƙori ke gogarsa. A cikin baki HPV ba ta cika zama sanadi ba, p16 na iya rinewa ba tare da ƙwayar cutar ba, shi ya sa ƙungiyar masu irin aikina ta Amurka a jagorarta ta 2018 ta ce kar a riƙa yin gwajin HPV haka kawai a kansar da ba ta maƙogwaro ba. Na taɓa samun wani matashi ya zo min da takarda yana fara'a, wai na babarsu ya fito p16, ya karanta cewa masu shi suna warkewa, har sun fara shawarar ko a bar gashin da ake yi wa ciwon da inji. Ciwon a dasashi yake. Wallahi ranar na rasa ta inda zan fara masa bayani.

EGFR totur ne, wata 'yar eriya a bayan ƙwaya da ke karɓar saƙon "ki hayayyafa". Kusan kashi 90 na kansar kai da wuya suna da shi fiye da kima, kuma masu shi da yawa sosai ciwonsu ya fi taurin kai. Har magani aka yi da ke toshe shi, Erbitux, a 2006 aka nuna amfaninsa tare da gashi, a 2008 kuma da aka haɗa shi da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, ga waɗanda ciwonsu ya dawo ko ya bazu, lokacin da rabin majinyata suka kai a raye ya tashi daga wata 7.4 zuwa 10.1. Kowa ya zaci to shi kenan, a rina EGFR, wanda nasa ya fi yawa a ba shi. Da aka duba sai aka ga yawansa a gilashi bai nuna wanda maganin zai yi wa aiki ba. Har yau ba ma rina shi kafin a bayar.

Ki-67 sunan daga garin Kiel na Jamus ya samo asali, a 1983, yana nuna ƙwayoyin da ke cikin rabuwa. A wasu kansoshin muna dogara da shi, a na baki kuwa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ni da abokin aikina mun taɓa ƙirga gilashi guda, shi ya duba tsakiyar ƙullutun, ni na duba bakin gaba inda ciwon ke cin nama, alƙalumanmu suka yi hannun riga, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinmu. Sannan wannan binciken zai ce mai yawa shi ne daga kashi 20, wancan ya ce daga 50. Ƙari a kan haka ƙwayar da ke saurin rabuwa wani lokaci ita ce gashi ya fi kamawa, kin ga alamar tana iya jan lissafi gaba da baya.

Sauran suna da yawa, ba zan tsaya kansu ba. Akwai E-kadherin, simintin da ke riƙe ƙwaya da 'yar'uwarta, in ya ragu sai su ɓalle su kama hanya. Akwai VEGF mai janyo wa ciwo sababbin hanyoyin jini, da MMP-9 mai narka naman da ke kewaye, da saikilin D1. Akwai masu neman alama a yawu, irin IL-6 da IL-8, dabara ce mai kyau don tofa yawu ya fi yanka sauƙi, sai dai ciwon dasashi na yau da kullum ma yana ɗaga su. Duk waɗannan suna ɗakin bincike, ba su shigo ɗakin likita ba.

Guda ɗaya da ta ci jarrabawa

PD-L1 daban take. Sojojin garkuwar jiki suna da shingen bincike, duk ƙwayar da suka tare sai ta nuna shaidar ita 'yar gida ce. Wasu ƙwayoyin kansa suna rataya PD-L1 a jikinsu kamar katin shaida na bogi, soja ya gani ya sauke bindiga. Wani masanin Japan, Tasuku Honjo, shi ya gano wurin da katin ke shiga a jikin sojan a 1992, ya kuma samu kyautar Nobel a 2018 tare da James Allison. Magunguna irin su Keytruda toshe wurin suke yi, sojan ya daina karɓar katin. A nan rininmu na da tasiri kai tsaye. Muna ƙirga ƙwayoyin da suka rine, na kansa da na garkuwar jiki da ke cikinta, mu raba da yawan ƙwayoyin kansar masu rai, mu ninka da 100, lambar da ta fito ita ce CPS. A gwajin KEYNOTE-048 mai mutum 882, wanda ya sa Amurka ta amince da maganin a matsayin na farko a 2019, masu CPS 20 zuwa sama rabinsu sun kai wata 14.9 a raye da Keytruda kaɗai, waɗanda aka ba tsohon haɗin nan na Erbitux da kemo wata 10.7. Masu CPS 1 zuwa sama kuma 12.3 da 10.3.

Ki lura da abu uku a nan. Wannan gwajin an yi shi ne kan waɗanda ciwonsu ya dawo ko ya bazu inda wuƙa ba za ta kai ba. A 2025 Amurka ta ƙara amincewa a bayar da shi kafin tiyata da bayanta ga masu ciwon da ya girma sosai amma ana iya yankewa, in CPS ya kai 1, to wannan ne kaɗai wurin da PD-L1 zai iya shigowa kafin aiki, kuma likitan cutar kansa ne zai faɗa in Baba na cikin wannan rukunin. Na biyu, ko cikin masu alamar, kusan mutum 1 cikin 5 ne ciwonsu ya ja da baya a fili. Na uku shi ne aljihu, allura ce ta jijiya duk sati 3, kuma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu nesa ba kusa ba. In kun san ba za a iya sayen maganin ba, rina PD-L1 yau ba zai ƙara wa Baba komai ba. In buƙata ta taso nan gaba, kakin na nan.

Me ya sa dubban takardu amma amfani kaɗan

Yawancin binciken nan ƙanana ne, asibiti ɗaya, an koma ɗakin ajiya an kwaso tsofaffin gilasai an rina an duba wa ya rayu. Kowa da kamfanin sinadarinsa, kowa da iyakar da yake kira "mai yawa", wasu ma sai sun ga sakamako suke zaɓen iyakar da ta fi yi musu kyau. Wasu sun cakuɗa na harshe da na leɓe da na maƙogwaro. Wanda bai ga komai ba kuma takardarsa ba ta cika fitowa ba, sai intanet ta cika da masu cewa sun gani. Tun 2005 aka fitar da ƙa'idojin REMARK don gyara yadda ake ba da rahoton irin wannan bincike, an samu sauƙi amma ba a gama ba. Kuma abin da alama ke buƙata kafin ta shigo asibiti shi ne ta faɗi wani abu da rahoton yau da kullum bai riga ya faɗa ba, a nan yawancinsu ke faɗuwa.

Sai kuma namu na gida. Furotin abu ne mai saurin lalacewa. Nama in an ciro shi, cikin awa ɗaya ya kamata ya shiga ruwan fomalin mai kashi 10 wanda aka daidaita, ruwan ya ninka naman sosai, ya zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. Ni kuwa an sha kawo min nama daga wani asibitin da ba zan ambata ba a cikin kwalbar man shafawa, cikin ruwan gishirin ƙarin ruwa, ya kwana biyu a mota cikin zafin bazara. Ka buɗe murfi wari ya doke ka. Irin wannan ko ka rina da sinadarin da ya fi kowanne tsada a duniya, gilashi zai fito fari, a rubuta "babu", alhali akwai, ruɓewa ya yi. Haka in ciwo ya shiga ƙashin muƙamuƙi, sai an jiƙa ƙashin a asid ya yi laushi kafin a iya yankawa, asid mai ƙarfi kuma yana cinye furotin. Don haka in kuna da kuɗin da za ku kashe kan lab, ku fara tabbatar da naman tiyatar ya shiga fomalin nan take kuma ya isa hannun mai dubawa da wuri.

Abin da ya fi faɗin gaskiya yana cikin rahoton da za a ba ku

Bayan tiyata za a kawo mana duk abin da aka yanke, kuma da rinin nan na yau da kullum mai shuɗi da ruwan hoda da 'yar ma'auni muke fitar da abubuwan da likitoci ke yanke hukunci a kai. Na farko zurfi. Faɗin gyambo a ido yana yaudara, wani ƙarami ne a sama amma ya yi saiwa kamar ƙiri-ƙiri. Tsarin matakai da aka fara aiki da shi a 2018 ya sa zurfi a lissafi, milimita 5 zuwa ƙasa, tsakanin 5 da 10, sai sama da 10, kowanne na iya ɗaga matakin ciwon ko da faɗinsa bai canza ba. Na biyu gefen yanka, muna shafa wa naman tawada mu auna tazarar ciwo da inda wuƙa ta bi, ana son aƙalla milimita 5 na lafiyayyen nama. Na uku ko ciwon ya bi jikin jijiya ko ya shiga hanyar jini. Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, kaluluwar wuya, guda nawa ciwon ya shiga, kuma ya fasa bawonta ya fito ko yana ciki. Tun da daɗewa an san shigar kansa kaluluwar wuya na rage damar tsira da kusan rabi.

Waɗannan kowanne yana canza magani. In gefen yanka ya taɓa ciwo ko kaluluwa ta fashe, manyan gwaje-gwaje biyu na 2004, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka, su suka kafa cewa a haɗa gashi da kemon sisfilatin. Game da wuya kuma, kar ku yi mamaki in likitan tiyata ya ce zai buɗe wuyan Baba alhali ba a jin komai a wurin. Asibitin Tata Memorial na Mumbai ya fitar da sakamako a 2015 kan mutum 500 masu ƙaramar kansar baki da wuyansu ke kamar lafiya lau. Waɗanda aka cire musu kaluluwa tun farko kashi 80 na raye bayan shekara 3, waɗanda aka ce a jira sai ta fito kashi 67.5, kuma kusan 3 cikin 10 na waɗanda aka buɗe an tarar ciwon ya riga ya shiga a ɓoye. A kansar baki babu furotin ɗin da ya taɓa ba mu irin wannan tazarar.

In ma furotin kuke so a auna, akwai masu arha da ake yi a kowane babban asibiti. Albumin na jini yana nuna ko jiki na samun abinci, wanda nasa ya yi ƙasa ɗinkinsa ya fi jinkirin kamewa kuma ya fi shan wahalar gashi. Mai gyambo a harshe wata huɗu na san ya rame, yana gudun tauna. Tun yau a dage masa da kunun gyaɗa mai madara, fura da nono a dama da kauri, ƙwai, alalen wake, romon kifi, kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma in an ce a sa masa robar abinci ta hanci kar a ɗauka ƙarshe ne ya zo. Ƙarancin jini ma ana dubawa. Sai dai ga wani darasi, da aka ga masu ƙarancin jini gashi bai cika yi musu aiki ba, sai aka gwada ba su allurar ƙara jini a wani gwaji na 2003, jinin ya hau, sakamakon ciwon kuma ya ƙara muni. Alama na iya nuna matsala ba tare da gyara lambar ya gyara ciwon ba. In kuma Baba na shan sigari ko ƙunsa taba, a daina yau, wani bincike na Kanada a 1993 ya ga waɗanda suka ci gaba da sha lokacin gashi kashi 39 ne suka kai shekara 2, waɗanda suka bari kashi 66.

Ni ban ga Baba ba, ban ga hotonsa ba, ban ga gilashinsa ba, likitocin da ke tare da shi sun fi ni sanin halin da yake ciki, kuma akwai lokacin da mu kanmu muke neman rini na musamman don tabbatar da wace irin kansa ce in siffarta ta rikita mu, wannan daban ne, in an nema ku yi. Duk alƙaluman da na kawo kuma na taron jama'a ne, in an ce kashi 80 ba a ce ga sunan wanda ke ciki ba, na ga mai mummunan rahoto da ya aurar da jikoki, na ga mai kyakkyawan rahoto da ciwo ya dawo masa cikin shekara, sanin wannan sai Allah.

Da mahaifina ne, kuɗin gwajin nan zan ajiye su don abin da ke gaba. In rahoto ya nuna sai an yi gashi, ana son a fara cikin sati 6 bayan tiyata, ana yinsa kwana 5 a sati na kimanin sati 6, injinan kuma ba ko'ina suke ba, yawanci sai an yi tafiya an kama masauki, don haka a fara neman layi tun Baba na gadon asibiti, a kuma kai shi likitan haƙori kafin gashin don a cire ruɓaɓɓu, cire haƙori bayan gashi na iya jawo ruɓewar ƙashi. Yawancin dawowar ciwon cikin shekara 2 na farko take faruwa, shekarar farko duk wata 1 zuwa 3 ake son a leƙa bakinsa a shafa wuyansa. Ku karɓi lambar kakin da aka ajiye naman ku rubuta a wuri mai kyau. Rahoton tiyata in ya fito, ki nemi layin zurfi, da na gefen yanka, da na kaluluwa, ki sa likita ya karanta miki su da Hausa kafin ku bar ofishinsa. Ki gaida min da Baba.